Larai Mai Allura da Kyanwar Tsahara

Duk mai bin hanyar Jiratawa zuwa Maraɗi da sassafe ya san Larai, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan da ke zaune bayan kabu-kabu, ta rungume shuɗiyar kula a cinya kamar jinjiri, bakinta kuwa bai rufe ba. Mai moton, Baƙo, a ɗaukarta ya yi furfura, amma har yau ba ta yarda ya iya tuƙi ba. "Baƙo, yi sauri, rana tana yi." Ya ƙara wuta. "Kai, kashe ni za ka yi? Magani ne a hannuna!" Shi dai sai ya ce, "To, Inna," ya ci gaba da tafiyarsa yadda ya saba.

A cikin kular nan ƙanƙara ce da kwalaben rigakafi. Aikin Larai ke nan tun tana da ɗanyen jini: allurar awaki da tumaki da kaji, gida-gida, har cikin ɗakunan da namiji ba ya leƙawa. Ba ta yi karatun lakwal mai zurfi ba, horo aka ba ta na ɗan lokaci, sauran kuma ta koya a bakin garke. Matar nan ba ta san zama ba. A shimfiɗa mata tabarma, sai ta ce, "Yanzu zan tahi." A tsaye take shan ruwa, a tsaye take gaisuwa, kina ba ta labarin haihuwar ƙanwarki idonta na can kan akuyar da ta saki kunne. Wallahi wani lokaci har haushi take ba mutum.

Amma tambayi matan Tsibiri shekarar da annoba ta faɗa wa kaji. Za su gaya maka yadda ta bi gari lungu-lungu har muryarta ta dishe, tana rantsuwa ba za ta koma gida ba sai ta taɓa kazar ƙarshe. Tambayi Salima ta Jiratawa, wadda jar akuyarta ɗaya tilo ta kasa haihuwa ana tsakiyar ruwan sama. Ta ce Larai ta durƙusa cikin taɓo, ta naɗe hannun riga, ta juya ɗan da ke ciki har ya fito da rai, sannan ta miƙe ta kama faɗa don an bar turken ba rufi. Ke ce Larai uwar jajayen awaki, mai gaisuwa a tsaye. Ke ce wadda ake jin faɗanki tun daga zaure, hankalin masu gida ya kwanta.

Bana gwiwa ta ce ta gaji. Ƴaƴanta sun taru sun matsa mata, ta yarda za ta ajiye kula bayan kaka. To, aikin da ta rufe da shi ba na akuya ba ne, kuma shi ne wanda mu mutanen unguwar Zariya a nan Maraɗi muka gani da idonmu.

A unguwarmu akwai tsohuwa Tsahara, wadda ta yi rayuwarta tana sayar da fura har hannu ya fara rawa ta bari. Mijinta ya rasu. Ɗanta ɗaya, Maman Lawali, direba ne a Agadas, yana aike, yana kira, amma sai a daɗe ba a ga fuskarsa ba. Gidan ba kowa sai akuya guda da wata ƙatuwar kyanwa da take kira Ƴar Hutu, don tun da take ba a taɓa ganin ta kama ɓera ba. Da ita Tsahara ke hira, da ita take faɗa, ita take gaya wa mafarkin da ta yi.

Akuyar ce ta kawo Larai gidan. Tana cikin tsira mata allura sai ta ga kyanwar ta kafa kai a kaskon ruwa tana ta sha kamar wadda ta dawo daga daji. Ta rame, gashinta ya yamutse, ƙafafun baya suna ja. A inda ta yi fitsari kuwa kiyashi ne sun yi baƙi.

"Yaya Tsahara, tun yaushe wagga dabba take haka?"

"Ta kwana biyu. Ci take kamar ba gobe, amma kullum ƙarewa take." Tsohuwar ta ƙara da cewa, "Larai, in ta mutu, da wa zan yi magana a gidan nan?"

Larai ba ta san ciwon kyanwa ba, kuma ba ta yi ƙaryar ta sani ba. Kwali ta nema ta saka ta, ta ɗora bisa kula, Baƙo ya kai su wurin lokotoron dabbobi a cikin gari, wani matashi mai haƙuri, Abdulrazak. Ya ɗebi ɗigon jini daga kunnen kyanwar ya auna, ya ce ciwon sukari ne. Larai ta riƙe haɓa. "Kyanwa? Ciwon alhazai?" Ya yi dariya ya ce har kyanwa. Sannan ya gaya mata gaskiya ba ɓoyo: allurar insulin ce safe da yamma, kullum, kuma sai ta ci abinci kafin a yi. A ajiye kwalbar cikin sanyi, kada a girgiza ta, a murza ta a tafin hannu a hankali. A raba dabbar da fura da tuwo da duk wani abin gero, a koma kifi da ƙwai da nama. "Kuma Inna, ki riƙe wannan. Duk ranar da cinta ya canja, ki kawo ta in sake aunawa, don maganin da ya yi daidai yau yana iya yin yawa gobe. In ya yi yawa, sukarin jikinta zai faɗi ƙasa, shi kuma yana kisa nan take." Ya nuna mata abin da za ta yi in hakan ta faru. Daga ƙarshe ya ce mutane da yawa ba sa iya ɗaukar wannan wahala, kuma ba laifi ba ne in an kasa.

"Nuna mini inda ake tsirawa," in ji Larai.

Haka matar da ta tsira wa dubban awaki allura ta koma ɗaliba a bakin ajiye aiki. Sirinjin siriri ne, layukansa sai an ƙanƙance ido, maganin ɗan ɗigo. Tsahara ba ta iya ko kallo, da ta ga tsinin allura sai ta juya fuska bango tana salati. Don haka Larai ce safe, Larai ce yamma. Kwalbar tana firigon maƙwabciya, Maijidda, in wuta ta ɗauke kuma a nannaɗe ta a binne cikin jiƙaƙƙen yashi gindin randa. Larai ta kwashe sukari da zumar da ke gidan Tsahara ta bayar, ta kafa dokar fura. Baƙo ya ce tun da yake bai taɓa kai mutum dubiyar kyanwa ba sai bana.

Sai dai abu ya ƙi. Aka koma awo, sukari na nan sama. Aka ƙara magani kaɗan, aka koma, yana nan. Abdulrazak ya ce, "Mi take ci?" Larai ta ce kifi da ƙwai, kamar yadda ya faɗa. Ya girgiza kai ya ce ba su kaɗai ba, tana samun wani abu a wani wuri.

Abin ya hana Larai sukuni. Tana allura a Tsibiri tunaninta na Zariya. Rannan da safe sai ta sallami Baƙo, ta laɓe a zauren Tsahara. Ƴar Hutu ta gama cin kifinta, ta lashe baki, ta bi ta wata kafa a gindin katanga ta fice. Larai ta bi bayanta. Ku dubi ikon Allah, mace mai jikoki, tana ɗingishi, tana doka sallama gida-gida a bayan kyanwa! A gidan Maijidda ta tarar da ƙoƙon fura da nono an ajiye bayan ƙofa. Gida na gaba kunu ne. A bakin masallaci dattijo Malam Idirisa yana gutsura mata masa daga aljihu. Kowane gida da kwanonta, kowane gida kuma cewa suke "kyanwarmu". Ba mugunta ba ce. A nan an tashe mu da cewa ciyar da dabbar da ba ta da baki lada ne, kuma da aka ga ta rame sai kowa ya ƙara hannu.

Nan aikin gaske ya fara, wanda ba a koyar da shi a horo. Maijidda ce ta fara tayar da jijiyar wuya.

"Inna Larai, ki ji tsoron Allah. Dabba ta zo ƙofata ta dube ni, in kore ta? Ladan nawa za ki hana ni?"

"Ɗiyata, ban hana ki sadaka ba. Hurar ce ke kashe ta. In kina son lada, kan kifi, ƙwai, guntun nama, ki kai gidan Tsahara ki sa a kwano guda, mu san abin da ta ci."

"Hura ce kisa? Da ita anka yaye mu!"

Malam Idirisa kuwa ko kallonta bai yi ba, cewa ya yi bai taɓa jin inda masa ta kashe rai ba. Larai ta tafi, ta dawo, ta sake dawowa. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kama hannun Maijidda ta kai ta ta nuna mata kiyashin da ke bin fitsari. Ga Malam kuwa, rannan ta tsaya gabansa ta ce, "Malam, in ta mutu kai ka samu ladan masa, Tsahara kuma ta kwana ita kaɗai a gida har ƙarshen ranta. Ka auna." Dattijon ya mayar da masarsa aljihu. Da Juma'a ta zo ya tsaya bayan salla ya gaya wa maza su gaya wa matansu. Kafin ka ce me, kwanuka sun ɓace daga bayan ƙofofi, unguwa kaf ta daina a lokaci guda. Ke ce kika iya wannan, Larai, ba da takarda ba, ba da hukuma ba, da naci kawai.

Daɗin nasara ne ya sa ta yi sake, kuma ita da bakinta take faɗa. Cin kyanwa ya canja ƙwarai, maganar lokotoro na kunnenta, amma matan Tsibiri sun daɗe suna jiran rigakafi. Ta ce bari ta gama da su tukuna sannan ta kai ta awo. Da safen nan ta yi mata allura yadda aka saba, ta hau moto.

Rana ta take, tana riƙe da wuyan wata akuya a Tsibiri, sai kaskon ruwan Tsahara ya faɗo mata a rai. Da safe ta gan shi cike. Dabbar da ke shanye kasko ba ta taɓa shi ba, kifin ma rabi ta ci. Ashe sukarin ya riga ya sauka da kansa tun da aka janye fura, ita kuwa ta ɗura mata maganin da aka auna don kyanwar da ke cin gida-gida. Nan take ta lalubo wayarta. Ta kira salular Tsahara, ba a ɗauka ba. Ta saki akuyar, ta bar mata baki buɗe, ta fita tana ƙwala wa Baƙo kira. Ya ce ran nan ne kaɗai ba ta ce masa ya rage gudu ba, duka bayansa take yi tana cewa, "Ƙara, ƙara!"

Ta faɗa gidan ba sallama. Ƴar Hutu na kwance a tabarma, jiki sanyi, ido a kafe, ƙafafu na fizga. Tsahara na durƙushe a kanta, ta ɗauko kwalbar daga firigon Maijidda, sirinji a hannu, tana ta ƙoƙarin soka allura a bakin kwalbar, hannu na rawa yana kaucewa. A ganinta ciwo ne ya tashi, magani kuma ai shi ake ƙara wa mara lafiya. Tsoron allura duk ta manta da shi. Rawar hannun nan ce kaɗai ta tsaya tsakanin kyanwar da mutuwa.

"Yaya, aje! Aje shi! Maganin ne ya yi mata yawa!"

Ta fizge sirinjin ta juya neman sukari, sai ta tuna ita da kanta ta kwashe na gidan. Ta ruga gindin katanga.

"Maijidda! Sukari! Ko zuma! Maza!"

Daga can Maijidda ta amsa, "Sukari kuma? Ba ke kinka hana ba? Gwada ni kike, Inna? Wallahi ban ba ta ba!"

"Na hana, yanzu na ce ki kawo! Mutuwa take!"

Sai ga kwalbar zuma ta ƙetaro katanga. Larai ta lakata da yatsa ta shiga goga wa dabbar a dasashi kamar yadda Abdulrazak ya nuna mata, ba ta ɗura mata a maƙogwaro ba kada ta shaƙe. Tana gogawa tana faɗa, da kyanwar, da kanta, da gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa. Tsahara kuka take kamar yarinya, tana kiran sunan dabbar. Mata sun cika ƙofa. Can fizgar ta lafa. Can kuma sai ɗan harshe ya fito ya lashi yatsan Larai. Ba ta tsaya murna ba, kwali ta jawo. A wurin lokotoro ta faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, ta ce laifinta ne, ya riga ya gaya mata, ita ce ta yi jinkiri. Ya riƙe kyanwar har ta dawo daidai, sannan ya rage maganin sosai.

Wani zai ce ai an gama. Larai kuwa tun ran nan hankalinta ya ƙara tashi. Kaka ta matso, za ta ajiye aiki, gwiwa ba za ta ɗauki Jiratawa zuwa Zariya safe da yamma ba. In ba Tsahara ce ta iya da hannunta ba, dabbar nan mutuwa za ta yi, an dai jinkirta ne. Ta ce wa tsohuwar, "Kin ɗauki allura ran da bai kamata ba. Yanzu za ki ɗauke ta ran da ya kamata."

"Da wannan hannu? Dube shi."

Larai ta duba, kuma ta lura da wani abu. Duk ran da Tsahara ta ɗan daka gero don kanta, in ta zo cura fura, hannun nan tsit yake yi, kamar ya tuna ƙuruciyarsa. Sai ta ce ta riƙa tsinko fatar wuyan kyanwar da yatsu uku kamar tana tsinko fura daga turmi, ta jingina gwiwar hannu a cinya, ta tsira a gindin abin da ta tsinko. Suka yi ta gwadawa da ruwa a jikin tsumma. Zuƙo magani daga kwalba kuwa aka ɗora wa Maijidda mai ido, ita za ta auna ta miƙa. Aka koya musu su biyu: in ba ta ci ba, ba allura, a kira lokotoro. In ta yi laushi tana tangaɗi, zuma a dasashi, a ruga da ita. Sau nawa Tsahara na jefar da sirinji ta ce ba za ta iya ba, sau nawa Larai na tsincewa ta mayar mata a hannu, Allah kaɗai ya sani.

Ran da aka sa Tsahara za ta yi allurar da hannunta, Larai ta rantse ba za ta shiga ba, don in tana kusa tsohuwar miƙa mata za ta yi. Ta tsaya a zaure. Baƙo ya ce ya ga matar nan a gaban bijimi mai tunkuyi, bai taɓa ganin ta tsorata kamar safiyar nan ba. Ta kai ƙofa ta dawo, ta ɗauki kula ta ajiye, ta gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Daga ciki ta ji ƙarar kwano, ta ji Maijidda ta ce, "Ga shi, Kaka." Ta ji bisimilla. Sai shiru, shirun da ya yi mata tsawo har ta ɗaga ƙafa za ta shiga. Sai muryar Tsahara: "To, sauka mini daga cinya, uwar son jiki, an gama." Ta ɗaga murya ta ce, "Larai, na san kina nan, tun ɗazu nake jin takalminki. Shigo." Larai ta shiga ta tarar da kyanwa na wanke fuska, tsohuwa kuma ta riƙe sirinji wofi tana dariya hawaye na zuba.

Yanzu Larai ta ajiye kula. Ba a yi mata taro ba, ba a rataya mata komai a wuya ba, shi ya sa na ce bari in faɗa a gaban jama'a. Mun gode, Inna Larai. Ke ce kika ɗauki ran da kowa zai ce bai kai a wahala ba, kika wahala a kansa don kin ga wanda ke jingine da shi. Ke ce kika yi kuskure kika faɗa da bakinki, kika gyara da ƙafarki. Allah ya huce gajiya, ya sassauta gwiwa, ya sa ƴaƴanki su yi miki fiye da haka. Ku kuma masu tasowa, masu allura da masu awo da mu maƙwabta, ku yi koyi da ita. In za ku taimaka, ku tambaya tukuna me ake bukata. In kun fara kada ku saki a tsakiya, kuma ku koya wa mai abu ya riƙe abinsa da hannunsa.

Da na gaya wa Tsahara zan rubuta wannan, na tambaye ta ko tana da saƙo. Ƴar Hutu na kwance a ƙafarta, ta yi ƙiba daidai, gashi ya kwanta. Tsohuwar ta daɗe tana shafa ta.

"Ki rubuta mata na gode," in ji ta. "Ki ce ban taɓa tsallake allura ba ko sau ɗaya. Sannan ki ce mata ta yi mini wayo. Ta koya mini don ta daina zuwa, ni kuwa na saba da faɗanta safe da yamma. Ki ce kyanwa lafiya lau. Ni ce nake son ganinta."